Ruwan Da Ke Ɗauke Da Jirgi Shi Ke Cin Sa

A watan Yunin 1915, lokacin da Ingilishi da Faransawa suka kewaye Jamusawa a Garwa, cikin igwoyin da suka karya lagon sansanin har da wata da aka ciro daga jirgin yaƙin Ingila mai suna Challenger, aka hauro da ita ta Kwara da Binuwai. Shi jirgin, bayan yaƙi an sayar da shi ga masu yanka ƙarfe. Haka akasarin jiragen yaƙi ke ƙarewa. Ƙalilan ne ake ajiyewa mutane su biya kuɗi su shiga kallo, domin ajiyar tana da tsada da wuya.

Duk masuncin da ke tafkin Maga ya san tushen matsalar. Ka bar kwalekwale cikin ruwa, katakon ya riƙa ruɓewa; ka ja shi tudu ya sha rana, ya tsage. Jirgin yaƙi ma tsakanin waɗannan biyun yake, sai dai nauyinsa dubban ton ne.

Ɗauki Victory, jirgin da Nelson, kwamandan jiragen yaƙin Ingila, ya yi yaƙin Trafalgar a cikinsa a 1805. A 1922 aka shigar da shi wani ginannen rami a Portsmouth, aka janye ruwan. Ruɓa ta ragu, amma wata cutar ta ɓullo. A teku, ruwa ne ke tallafe jikin jirgi ta ko'ina daidai wa daida. Da babu shi, nauyin ya koma kan 'yan wurare, haƙarƙarin jirgin ya soma buɗewa a hankali. Dole aka kafa masa matokaran ƙarfe 134, kowanne da na'urar da ke auna nauyin da ya hau kansa. Mai ziyara yakan sauka ƙasan ramin ya bi ta tsakaninsu, kuma a ganina wannan ya fi ɗakin kwanan Nelson abin kallo.

Belfast kuwa, jirgin Yaƙin Duniya na Biyu, an bar shi a kan kogin Thames a Landan tun 1971. Abokin gabarsa tsatsa ce. Maganinta a kankare, a shafa fenti, a sake kankarewa. Akan kuma manna wa gindin irin waɗannan jirage dunƙulen tutiya, wadda ruwa ke fara ci kafin ya taɓa ƙarfen. Idan ta cinye a sa sabuwa. Duk da haka, a 1999 sai da aka ja shi zuwa Portsmouth aka duba ƙasansa.

Wanda Landan ta yi wa nisa, akwai NNS Bonny na zamanin yaƙin basasar Najeriya, a Gidan Tarihin Yaƙi na Umuahia, a kan tudu. Can ruwan sama ne abin tsoro: duk lungun da ya taru ya kwana, nan ƙarfe ke fara hujewa.