Jirgi Mai Feshin Ruwa da Yashin Gulbin Rima

Ba mutumin Illela ya kamata a fara ji a zancen jirgin ruwa ba, domin mu da raƙumi da tirela muka saba. Babban ruwanmu shi ne tafkin Kalmalo, wanda kwarin Majiya ke shayarwa daga Nijar, shi ma ya daɗe yana ja da baya. Amma Goronyo da Wurno ba nesa suke da mu ba, kuma idan kwale-kwale ya kife a can, har gidajenmu ake zuwa ta'aziyya.

A watan Afrilun 2022 mutum 29 suka rasu a Gidan Magana ta ƙaramar hukumar Shagari. A watan Agustan 2025 wani jirgin ya kife da mutum fiye da 50 a hanyar kasuwar Goronyo. Bayan kowane haɗari sai a yi kira ga hukuma ta sayo jiragen ceto masu inji. Kiran yana kan hanya. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne wane irin inji ya dace da gulbinmu.

Gulbin Rima ba shi da fuska ɗaya. Da damina, ko idan an saki ruwan madatsar Goronyo, yakan yi ƙarfin da zai tafi da sa. Da bazara kuwa akwai wuraren da yaro zai haye shi da ƙafa. Yashinsa yana ƙaura: inda aka bi lafiya bara, bana tudu ne a ɓoye. Injin da aka saba rataya wa jirgi a baya farfelarsa tana ƙasa da cikin jirgin, don haka ita ce ke fara cin karo da yashi ko kututture.

Irin wannan matsala ce ta dami William Hamilton, makiyayin tumaki kuma injiniya a ƙasar Niyu Zilan, inda koguna ke gudu da sauri a kan tsakuwa ba tare da zurfi ba. A 1954 ya fito da jirgin da ba shi da farfela a waje. Duk manomin fadama zai gane dabarar, domin 'yar'uwar injin ban-ruwa ce: famfo yana zuƙo ruwa ta wata kafa a ƙarƙashin jirgin, ya feso shi ta baya da ƙarfi, jirgin ya yi gaba. Idan ya ɗauki gudu ya taso saman ruwa, yakan wuce inda zurfin bai kai taƙi ba. Da irinsa aka haura kogin Kolorado na Amurka a 1960, kuma da shi Edmund Hillary ya bi kogin Ganga na Indiya a 1977.

Ga aikin ceto, falalarsa a fili take. Yana isa inda mai farfela zai kafe, kuma ba shi da wuƙar da za ta sari wanda ke fafutuka a cikin ruwa. Sai dai mai saye ya san aibinsa tun kafin ya sa hannu a takarda.

Bakin da ke zuƙar ruwa ba ya zaɓe. Yana zuƙar yashi, yashin kuwa yana cinye fukafukan famfon a hankali har ƙarfin feshin ya ragu. Yana zuƙar kainuwa da ciyawa da leda, kuma leda ɗaya ta isa ta toshe shi a tsakiyar gulbi. Wanda ya ga abin da kwatocin Sakkwato ke zubarwa a farkon damina ya san wannan ba ƙaramin zance ba ne. Injin ratayawa da aka mayar mai feshi yana rasa kusan kashi 30 cikin 100 na ƙarfinsa, wato mai ya ƙaru, kaya sun ragu. Tuƙinsa ma daban ne: da feshin ake juya shi, idan direba ya tsorata ya saki totur, ya saki linzami ke nan. Kuma idan aka yi masa lodi har ya kasa tasowa saman ruwa, falalar rashin zurfin ta tafi.

Saboda haka, a ganina, kuskure ne a saye shi don fiton ranar kasuwa, da buhuna da babura da awaki. Wannan aikin jirgi mai faɗi da shimfiɗaɗɗen ciki ne, da rigunan kariya, da wanda zai ƙirga fasinja a bakin mashigi. Mai feshi na gaggawa ne: ƙarami, na goran ruwa mai kaurin ƙasa, da raga a bakin zuƙarsa wadda direba zai iya sharewa yana cikin jirgi.

Kafin a biya kuɗi, a kawo shi Rima a gwada a watan Maris da kuma watan Agusta, a gaban Sarkin Ruwa da masunta, domin su suka san inda yashi ke kwana. A sa famfon canji cikin ciniki, a kuma tura bakaniken Sakkwato ya koyi kwance shi. Na taɓa ganin jirgin ceto sabo fil a harabar wata ma'aikata, tayoyin tirelarsa sun sace, kaji suna kwana a ƙarƙashinsa, wai ana jiran wani ƙarfe daga ƙasar waje.