Wane Wuri Ne Ya Cancanci Sunan "Wurin Yawon Buɗe Ido"?

A wajen Bahaushe, wanda idonsa ya buɗe shi ne wanda ya fita ya ga duniya, ya dawo da sanin da bai tafi da shi ba. Daga nan "yawon buɗe ido" ya samo asali, kuma da wannan ma'aunin ya kamata a auna duk wurin da aka laƙaba wa sunan. Amma yau a rediyo da jaridu, filin lilon yara da otal mai wurin iyo duk an mayar da su wuraren yawon buɗe ido. Waɗannan wuraren shaƙatawa ne. Suna da amfaninsu, sai dai ba sahunsu ɗaya da Marinar Ƙofar Mata ta Kano ba.

A wannan marina, wadda ake cewa an kafa ta tun 1498, baƙo zai tsaya bakin rami ya ga marini ya tsoma ƙyalle cikin ruwan baba da toka, ya tsamo shi kore-kore, iska na bugunsa ya rikiɗe ya koma shuɗi. Wanda ya tambayi dalili aka yi masa bayani, to idonsa ya buɗe. Haka Rijiyar Kusugu ta Daura: in babu mai ba da labarin Bayajidda da macijiyar da ta hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, baƙo rijiya kawai zai leƙa ya wuce. Hasumiyar masallacin Agadas ma, mai tsawon mita 27, a tsohon garin da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2013, darajarta tana ga sanin yadda aka ɗaga ta da ƙasa, da yadda magina ke taka itatuwan jikinta su sake mata yaɓe.

Wani zai ce harshe na jama'a ne, abin da baki ya saba da shi ya zauna. Haka ne, kuma ba wanda zai hana mutane magana. Amma hukumomin da ke ɗauke da wannan suna su ne ke kasafta kuɗi. In sun fahimce shi a matsayin shaƙatawa, fenti da kujeru da mai karɓar kuɗin shiga sun ishe su. In kuwa buɗe ido suka fahimta, dole su horar da 'yan jagora masu sanin tarihi, su kafa allunan bayani da Hausa, su kuma tsare abin da ake zuwa gani. Ganuwar Kano, wadda aka fara ginawa tun zamanin Sarki Gijimasu, tana cikin kowane jerin wuraren yawon buɗe ido, alhali a wurare da dama an kwashe ƙasarta an yi gini a gurbinta.