Sarfai, ganyen miya na lokacin ɗari

'Yan uwa mata, dukkanmu mun san farsil na kasuwa. To yana da ɗan uwa, sarfai, wanda a jikin takardar iri ake rubuta shi cerfeuil. Ganyensa ya fi laushi, ƙamshinsa da ɗan zaƙi. Faransawa na sa shi cikin ƙwai da romo.

Sarfai ba ya son zafi. Rana in ta yi ƙarfi sai ya yi fure, ganye ya ƙare. Shi ya sa a nan Nijar muke shuka shi daga Nuwamba zuwa Janairu, a inuwar katanga ko gindin zogale. Ba a dasa shi, saiwarsa ba ta jure cira. Mu yafa iri inda zai zauna, mu rufe da ƙasa kaɗan, kar wurin ya bushe. Cikin sati 6 zuwa 8 an fara tsinka.

Sai an kusa sauke tukunya ake zuba shi, kuma in aka shanya shi ƙamshin ya tafi. Don haka kar mu zuba kuɗin asusu da yawa. Kowace ƙungiya ta sayi takarda guda a raba, mu gwada, mu ga ko akwai masu saye.