Tabarmar buɗa-baki a Sudan

A ƙauyukan Jazira, ƙasar noma da ke tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu, magidanci ba ya shan ruwa a cikin gida idan azumi ya kama. Da la'asar sakaliya yara za su share bakin hanya, su jera tabarmi. Kowane gida ya fito da tirensa: asida ta dawa da miyar busasshiyar kuɓewa, dafaffen wake, dabino, zoɓo, ruwan tsamiya, da hilu-murr, abin sha mai duhu da mata ke fara haɗawa tun Sha'aban daga tsiron dawa da kayan ƙamshi. Da zarar an ajiye, tire ya tashi daga na mai shi. Ba mai duba na wa ya fi nama.

Sai tare hanya. A titin Khartum zuwa Wad Madani, dattawa kan tsaya tsakiyar kwalta dab da magariba, wasu har su warware rawani su gitta shi, su tsayar da motar fasinja ɗungurungum. Direban da ya ce yana sauri, da rantsuwa za a sauko da shi. Ƙauyen da ya rasa baƙo ranar nan, shi ne ya yi asara.

Yaƙi ya ɓarke tsakanin soja da dakarun kai ɗaukin gaggawa na RSF ranar 15 ga Afrilu 2023, ana cikin goman ƙarshe na azumi. A Disamba Wad Madani ta faɗa hannun RSF. Mutum sama da miliyan 10 suka bar gidajensu, kuma a Agustan 2024 aka tabbatar da matsananciyar yunwa a sansanin Zamzam da ke Darfur. Masu tare motoci jiya, su ne suka kama hanya da ƙunshin kaya a ka.

Amma tabarmar ta bi su. A makarantun da 'yan gudun hijira suka cika, ana shimfiɗa ta ko da abin da za a ɗora bai wuce dabino da ƙwarya guda ba. Tsohuwar al'adar takiyya ma ta farfaɗo, wato tukunyar da shehunan ɗariƙa ke ɗorawa don almajiri da matafiyi, har da alhazan ƙasar Hausa na zamanin tafiyar ƙafa. A Omdurman da unguwannin Khartum samari da mata suka riƙa girke manyan tukwane na wake da adas, da kuɗin da 'yan'uwa na ƙetare ke turowa ta manhajar Bankak. An kama wasu daga cikinsu, an kashe wasu.

Ba daidai ba ne a ce mutanen nan suna cikin jin daɗi. Uwar da ta binne ɗa ba tiren abinci ke share mata hawaye ba. Sai dai akwai wani farin ciki da na ga kamar yaƙi bai iya ƙwacewa ba: na wanda aka raba da gida da gona, amma har yanzu yake da ikon ce wa wani "itfaddal", bismilla, matso. Imaninsa ya gaya masa cewa mai ciyar da mai azumi yana da lada irin nasa, don haka a wannan sa'a shi mai masauki ne, ba mai jiran tallafi ba. Shi ya sa za ka iske wanda ya wuni a layin takiyya da roba a hannu, ya karɓo rabonsa, ya ƙi shiga da shi ɗaki, ya kai shi bakin hanya yana leƙen ko wani zai gifta.