Gida A Bakin Ruwa: Dabarar Mutanen Ganbiye

Da yawa cikin 'yan'uwanmu mazauna Ikko, in sun sami fili a bakin ruwa, sai su cike shi da yashi, su kwarara siminti. Damina na kankama, ruwa ya dawo neman wurinsa, har cikin ɗaka.

To, mutanen Ganbiye, a tafkin Nokuwe kusa da Kwatano, ba sa jayayya da ruwa. Dirkoki suke kafawa cikin laka, su ɗora ɗaki a bisa, bango na gora don iska ta ratsa, jinka ta ciyawa. Ruwa ya yi ta wucewarsa ta ƙarƙashi. Har ƙasa maigida kan jido a kwalekwale, ya tayar da ɗan tudu inda yara za su koyi tafiya. Sai dai yanzu kwano yana korar ciyawa, ga shi kuwa da zafin tsiya.