Aikin kuɗi a bakin iyaka: daga Karakara zuwa Gaya

Yaron da ya tashi a Karakara, cikin jihar Doso, yakan san kuɗi iri biyu tun bai shiga lakwal ba: sefa da naira. Najeriya na nan kusa, Gaya kuma na kudu, inda gadar kogin Kwara ta haɗa Nijar da Malanbil ta ƙasar Benin. Ba abin mamaki ba ne idan matasan wannan yanki suna burin zama ma'aikatan banki, ko na duwan, ko ƴan canji. Shiga aikin ba shi ne wuya ba, daɗewa a cikinsa ne.

Magabatansu sun sha wannan wuya. A shekara ta 1990 aka rushe BDRN, bankin raya ƙasa, kuɗin ajiyar jama'a ya maƙale. Shekarun da suka biyo baya kuwa, ma'aikatan gwamnati sun yi watanni suna zuwa aiki ba albashi. Mai riƙe da asusu yana ƙirga miliyoyin wasu da rana, da dare yana neman bashin gero. Nan ne ake gane mai amana.

Sai ga watan Janairu na 1994, aka karya darajar sefa a birnin Dakar. Faran ɗaya na Faransa da ake saye sefa 50 ya koma 100. Ɗan kasuwar da ya yi odar kaya daga Turai ta tashar Kwatano ya wayi gari bashinsa ya ninka, bai ƙara ko dila ɗaya ba. Waɗanda suka tsira da mutuncinsu su ne masu rubuta kowace dala a littafi, suka zauna da masu binsu bashi aka sake lissafi ido da ido.

Abin lura, makarantar da ta fi horar da mutane a wannan fage ba ta da aji. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara shirin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi: mata na zuba kuɗi kowane mako, suna ranta wa juna, a ƙarshen zagaye su raba. Da yawansu ba su iya karatu ba, a ka suke riƙe lissafi, gaban kowa. Tsarin ya bazu ƙasashen Afirka da dama.

Jarrabawa ba ta ƙare ba. Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Bayan juyin mulkin Yuli 2023 aka rufe gadar Gaya, fasinja da kaya suka koma kwale-kwale. A wannan shekara kuma naira ta faɗi ƙwarai, alhali sefa na ɗaure da yuro a kan 655,957. Ɗan canjin da ya kwana da buhun naira ya yi asara. Wanda ya juya ta kafin magariba ya buɗe teburinsa washegari.