Fata ce ko Roba? Juya Bayanta Kafin Ka Biya

Duk ranar Juma'a karar Wudil cika take yi da shanu da awaki da tumaki, manyan motoci na ta lodi zuwa Kudu. Amma in ka leƙa wajen masu takalma da jakunkuna da bel, da yawa daga abin da ke ƙyalli a gabansu roba ce. Sayar da roba ba laifi ba ne. Inda gizo ke saƙa shi ne a ce maka "Alhaji, fata ce zalla", a karɓi kuɗin fata.

Ita fatar roba yadi ne aka shafe da roba, nau'in PU ko PVC, sannan inji ya buga mata zanen fata. Yanayinmu ba ya raga mata. Zafin bazara yana busar da PVC har ta ƙage ta tsattsage, gumi da laimar damina kuma su cinye PU ta riƙa ɓarewa, ko da a akwati take a ajiye. In ta fara, baduku ba shi da dabara, don ɗinkin ma yagewa yake.

Gane ta ba wuya. Juya bayanta, ko ka dubi bakin da aka yanka. Fatar gaske bayanta burtsi-burtsi ne, jiki ɗaya daga sama har ƙasa. Ta roba kuwa za ka ga zaren yadi ko soso a liƙe. Danna ta da babban yatsa: fata takan yi ƙananan tamoji ta koma, roba sai dai ta loɓa. Ramukan gashi a fata ba su da tsari, nan cunkus, can jefi-jefi, wani wurin har da tabon ƙaya. Zanen da ya maimaita kansa daidai wa daida aikin inji ne. Sai ka sansana. Wanda ya taɓa ratsa Majema ta Ƙofar Wambai a Kano, inda ake jima da bagaruwa, hancinsa ba zai ruɗe shi ba. Akwai masu ƙyasta ashana, fata ta yi ƙaurin babbaka, roba ta narke, amma kada ka gwada a kan kayan mutane, rigima ce.

Tambarin Turanci da ke ƙasan takalmi ba shaida ba ne. Akwai wadda ake niƙa guntayen fata a cuɗa da gam a yi mata rufin roba, ita ma da sunan fata ake sayar da ita.

Abin da ke ba ni takaici, fatar jar akuyar Sakkwato ce Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko, kuma tun 1964 aka kafa cibiyar binciken fata da ke Samarun Zariya, amma dukawanmu na zaune, muna rububin robar waje.

Roba tana da ranarta: kujerar babur, takalmin damina, na yaron da ƙafarsa ke girma kullum. Ka dai biya kuɗin roba. In kuwa fatar ka samu, shafa mata ɗan man kaɗe da hunturu, kuma in ta jiƙe ka shanya a inuwa.

Masu sayen gwanjo su leƙa cikin takalmin. Wasu na waje da fatar alade ake yi musu shafi, alamarta ramukan gashi uku-uku a haɗe.